Majinyacin Ƙarya

A tsibirin Guimaras, ƙarƙashin mangwaron gidanmu,
jikata Luningning ta ba ni aiki bayan na rataye koma:
"Kaka, kai ne majinyacina.
Ka yi ƙarya, amma ka iya ta."

Kullum sai ta miƙo mini 'yar takarda.
Litinin ni direba ne mai ciwon sukari,
Talata tsoho mai mantuwa da ya dafa takalminsa,
Laraba ma na mutu,
ta zo ta yi wa kujerata ta'aziyya.

Wai haka ake yi yanzu a Iloilo, hayin ruwa:
kafin ka shinshini farar riga
sai an ga yadda kake buɗe baki.
Ɗaki bayan ɗaki, ƙararrawa tana korar ka,
nan wata uwa na kuka, can wani na zage-zage,
duk 'yan wasa ne, biyan su ake yi su kwanta.
Na ce, kaico, na yi sammakon zuwa duniya,
da da nishi kaɗai na ci abinci.

Likita Evaristo, wanda ya ɗinke mini ƙauri
ran da igiyar jirgi ta ci namana,
a kan gawa ya koyi sunan kowace jijiya,
wata shida warin magani na bin sa har cikin shinkafa.
Ita kuwa gawarta na cikin allon gilashi.
Ta ja yatsa, fata ta yaye,
ta sake ja, haƙarƙari ya buɗe,
zuciya na juyi kamar kwakwa a kan ruwa,
ba jini, ba ƙuda.
Akwai ma mutumin roba, in ji ta, mai ƙifta ido,
a kashe shi sau goma kafin rana ta raba,
ba mai kai ƙara.

In guguwa ta ɗauke wuta
da fitilar kamun kifina take haddar ƙasusuwa,
ina jin ta ta bangon gora tana kiran su ɗai-ɗai
kamar mai kiran awaki su shiga turke.
Mangwaro kwando tara ya tafi a kuɗin fom.

Ran Alhamis ta zo da abin sauraron ƙirji,
na hannu ne, robarsa har ta dafe.
Takarda ta ce: lafiyayyen mutum, gwaji kawai ya zo.
Na gyara zama, na cika ƙirji kamar zakara.
Ƙarfen ya yi sanyi.
"Ja numfashi."
Na ja.
Ta matsa hagu. Ta dawo. Ta sake matsawa.
Mangwaro ɗaya ya faɗo a kan kwano, ba ta waiga ba.

"Kaka, wannan ba ya cikin takarda."

Na ce, ai ƙwarewa ce, kin ga ɗan wasa.
Ban faɗa mata tun daminar bara
sau uku nake tsayawa daga bakin ruwa zuwa gida,
ina yi kamar ina duban gajimare ba.

Ba ta yi dariya ba.
Ta jawo kujerar nan da ta sha ta'aziyya,
ta zauna, idonta daidai da nawa,
yadda suka koya mata a bidiyo.
Rawar hannun ce kawai ba su koya mata ba.
Muka daɗe.
Ba ƙararrawar da ta kore ta.

Gobe za mu bi jirgin farko.
Takarda biyu ne a jakarta,
ɗaya ta jarrabawa, ɗaya mai sunana na gaskiya.
Ta ce in kwanta da wuri, kada in sha gahawa.
Ko rigar ba a ba ta ba tukuna,
ga shi na wanke kofin na kife.